Darɓar furanni ba ta kai a ɗauko mata piya-piya ba

Da ɗari ya kama, darɓa takan sauko wa itatuwan ado na gidajenmu da na harabar lakkwal. Ku juya ganyen loriye-roz, za ku ga ƙananan ƙwari masu launin rawaya sun yi cincirindo a kan sabon toho, ganye ya nannaɗe, yana danƙo, daga baya ya yi baƙi. Abin da ke damuna shi ne maganin da muka saba ɗauko mata: piya-piya ta bakin kasuwa, a fesa tsakar gida inda yara ke rarrafe, kaji na kiwo. Dafi mai ƙarfi saboda fure!

Kuma ribarsa kaɗan ce. Macen darɓa ba ta jiran namiji, ƴaƴa take haifa da ransu, su ma cikin mako guda ko fiye kaɗan su fara haihuwa. In kaɗan suka tsira a bayan ganye, gida ya sake cika. Wanda maganin ke gamawa da shi kuwa shi ne ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda shi da tsutsarsa darɓa ce abincinsu.

Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibaina masu shirin zama malamai shi ne a fara da ruwa. A watsa shi da ƙarfi ta ƙarƙashin ganye, a yanke tohon da ya lalace, a wanke hannu, don ruwan loriye-roz dafi ne. In ba ta bari ba, a narka sabulu kaɗan a ruwa, a gwada a reshe ɗaya tukuna. Ga kuma dogon yaro ko'ina: a daka busassun ƴaƴansa rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, a tace, a fesa da marece, a maimaita bayan mako guda.

Sai a lura da kiyashi da ke hawa da sauka a jikin itacen. Zaƙin da darɓa ke fitarwa suke sha, su kuma suna kore mata maƙiya. A rage takin zamani ma, domin tohon da ya ƙoshi da shi laushi gare shi, shi darɓa ta fi so.