Ruwa Muke Tambaya, Mun Manta Da Numfashi



Duk ranar da gobara ta tashi a kasuwa, tambayoyinmu ba sa wuce uku: 'yan kwana-kwana sun zo da wuri? Sun zo da ruwa? Shaguna nawa suka ƙone? Haka muka yi a 2016 da kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama da wuta, haka muka maimaita a 2021 da babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina suka ƙone wata biyu tsakani. Amma shi wannan bawan Allah da muke yi wa ihu ya kutsa ciki, mun taɓa tambayar da me zai yi numfashi?

A gobarar cikin gini, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Idan katifar soso da leda da yadin roba suka kama, suna fitar da guba iri-iri. A cikinsu akwai kabon monoksayid, wadda muka sani tana kashe masu kwana da janareta a ɗaki, domin ta fi oksijin kama jini sama da sau 200. Tsumman da aka jiƙa aka ɗaure hanci da shi ba ya tare ta. Abin da ke tare ta shi ne tukunyar iskar da ɗan kwana-kwana ke goyawa, haɗe da abin rufe fuska.

Da yawanmu mun ɗauka oksijin ne a cikin tukunyar. Iska ce irin wadda muke shaƙa, aka tace ta, aka danna ta da ƙarfi. Tukunya mai lita 6.8, idan aka cika ta da matsin da ya ninka na iskar waje sau 300, tana ɗaukar kusan lita 1,800. Masu ƙera ta suna lissafi da mutum mai shaƙar lita 40 a minti, wato minti 45 ke nan. To amma mutumin da ke hawa bene da kayan da suka haura kilo 10 a bayansa, yana jan tiyo cikin zafi, zai iya shaƙar lita 100 a minti. Minti 45 ya koma 18. Cire na shiga, cire na fita, cire wanda dole a bari don ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi ne lokacin ceton ɗan wani ko uwar wani.

Ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki wannan lissafin yana cizo. A gobarar benen Grenfell da ke Landan, a watan Yunin 2017, mutum 72 suka rasu. Gini ne mai hawa 24 da matakala ɗaya tak, kuma ma'aikata da dama iskarsu ta yi ƙasa kafin su kai hawan da aka tura su, dole suka juyo. A Amurka kuwa, a 2013 aka sauya ƙa'ida: ƙararrawar gargaɗin tukunya, wadda a da take kaɗawa idan saura kashi 25 cikin ɗari, ta koma kaɗawa a kashi 33, don mutum ya samu abin fita da shi.

Ra'ayinmu shi ne, a wajenmu gyaran ya fara daga wurin cika tukunya. Sayen tukwane yana da daɗin ɗaukar hoto ranar ƙaddamarwa, amma tukunyar da ta ƙare ba a cika ta ba, kaya ce kawai a bayan mutum. Injin mai faci ba ya kaiwa ko kusa da matsin da ake buƙata, ga shi yana haɗa iskar da tururin mai. Injin cika iskar numfashi daban ne, yana da matatai da ake sauyawa a kan lokaci, kuma dole bakin da yake zuƙo iska ya yi nesa da salansar mota da ta janareta. In ba haka ba, gubar da ake gudu ita za a ɗura wa ma'aikaci a baya. Ya kamata kowace babbar tashar kashe gobara ta samu irin wannan injin da wutar da za ta tayar da shi, da tukwanen canji aƙalla biyu ga kowane mutum, da mota mai ɗauke da manyan tukwane da za a riƙa cika ƙanana daga gare su a bakin gobara. Wutar kasuwa takan kwana tana ci, ba za a yi ta zarya zuwa tasha ba.

Na biyu, kada a yi asarar iskar da aka riga aka cika. Abin rufe fuskar da bai zauna daidai ba yana yoyo ta gefe, don haka a gwada wa kowa nasa. Ma'aikacin da ya saba atisaye da kayan a jikinsa ba ya firgita, wanda bai firgita ba kuwa ba ya haki. A Ingila akwai tsarin da kusan ba ya cin kuɗi: mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa da allo da agogo, ya rubuta sunan duk wanda ya shiga, da yawan iskarsa, da lokacin da ya kamata ya fito. Wace jiha ce za ta ce allo da agogo sun fi ƙarfinta?

Akwai na'urori masu tsada da suka fi waɗannan daɗewa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda muke fitarwa kuma tana da sauran kusan kashi 16. Na'urorin masu ceto a ramukan haƙar ma'adinai suna tace wannan numfashin su mayar wa mutum, har su kai awa huɗu. Wasu biranen Amurka kuma sun wajabta sa bututun iska a jikin dogayen gine-gine, yadda ma'aikaci zai cika tukunyarsa a sama ba sai ya sauko ba. Duk suna da kyau, amma wanda bai iya kula da injin cikawa ɗaya ba, kada ya fara da su.

Kuma kada mu ɗauka maganar ta masu shago ce kaɗai. 'Yan kwana-kwanan nan su ake kira idan yaro ya faɗa rijiya ko masai ya rufta da mutum. Ƙasan tsohuwar rijiya sau da yawa babu wadatacciyar iskar shaƙa, shi ya sa muke jin labarin wanda ya shiga ceto shi ma aka fito da gawarsa.

Don haka idan an zo karanta kasafin kuɗi, ko shugabannin kasuwa sun tara gudummawa bayan gobara, mu ƙara tambaya ta huɗu a kan ukun da muka saba: tukwanen iska nawa ne a tasharmu, a ina ake cika su, yaushe aka yi musu gwajin ƙarshe? Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da muke so ya shiga wuta saboda mu, shi ma akwai masu jiran dawowarsa a gida.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya kare masu kare mu.