Haƙoran Dattawanmu: Wa Zai Biya Bayan Ritaya?



A wata walimar suna da aka yi a unguwarmu kwanakin baya, mun lura da wani dattijo da ya yi shekara 35 yana aikin reluwe kafin ya yi ritaya. An ajiye masa kwanon tuwo da tsoka biyu a kai. Ya ci tuwon, ya tura naman gaban jikansa, ya ce shi yanzu nama ya fita ransa. Duk wanda ya san shi ya san ba haka ba ne. Haƙoransa na tauna ne suka ƙare, na gaba kuma suna girgiɗi, kunya ce kawai ta hana shi faɗi. Irinsa suna da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12, haka nan a Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal, maza da mata, amma ba mu taɓa jin an sa maganarsu cikin ajandar taro ba.

Dalili kuwa shi ne mun ɗauka zubewar haƙora hali ne na tsufa, kamar furfura. Likitoci ba su yarda da haka ba. Abin da ya fi zubar da haƙoran manya shi ne ciwon dasashi da kogon haƙori, kuma duka biyun ana tare su idan an je asibiti da wuri. A ƙasar Japan tun 1989 suka soma wani gangami da suka kira 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20 a baki, domin da 20 ɗin nan zai iya tauna kusan kowane abinci. Mu kuwa tsohonmu yana rasa na tauna sai ya koma koko da shayi da burodi, ya bar nama da gyaɗa da ganye, jiki ya fara zabgewa, mu ce tsufa ne. Idan mai ciwon suga ne abin ya fi muni, saboda suga na ƙara ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma na hana suga sauka. Wasu magungunan hawan jini ma suna busar da baki, busasshen baki kuwa shi ne gidan kogo.

Idan zafi ya yi zafi kuma, mun san inda ake zuwa. Ana zuwa wajen mai cire "tsutsar haƙori" a bakin tasha, alhali babu wata tsutsa a cikin haƙori, ko a ɗiga ruwan batir a kogon, ko a danna ƙwayar magani a kan dasashi har ta ƙona wurin. Kumburin da ya taso daga ruɓaɓɓen haƙori yana iya gangarawa ƙarƙashin haɓa ya toshe numfashi, kuma yana kisa. Abin takaici, mutanenmu na Idi-Araba katanga ce kawai tsakaninsu da asibitin koyarwa na LUTH, inda ake horar da likitocin haƙori, amma kuɗi ya mayar da katangar nan kamar tafiyar Legas zuwa Sakkwato.

To, ina inshorar lafiya da ake ta faɗi a rediyo? An yi dokar kafa NHIS a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana shiga da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 (wanda ya tsara wannan lissafi da alama bai taɓa leƙa gidajenmu ba). Babban giɓin shi ne, shekara da shekaru, ranar da ma'aikaci farar hula ya ajiye aiki, a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, inshorar takan tsaya tare da albashin. Wato an rufe shi lokacin da yake da ƙarfi da haƙora, an yaye masa bargon lokacin da sanyi ya zo. Wannan fa ga wanda ya yi aikin gwamnati ke nan. Mafi yawan dattawanmu 'yan goro ne da 'yan kara da mahauta da 'yan gwari da masu gadi, ba su da fansho balle garatuti. Ritayarsu ita ce ranar da ƙafa ta kasa kai su kasuwa.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya, ta kuma tanadi asusun masu rauni, wanda tsofaffi na cikin waɗanda aka ambata. Kafin nan, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin: a Legas akwai LASHMA mai gudanar da Ilera Eko bisa dokar jihar ta 2015, a Oyo akwai OYSHIA.

A nan ne muke son kowane maigida ya buɗe kunne. Waɗannan tsare-tsare na mazauna jiha ne, ba na 'yan asalin jiha kaɗai ba. Mun saba da a ce mana "kawo takardar ƙaramar hukumarku" har mun fara kai kanmu baya tun ba a tambaya ba. Dattijon da aka haifa a Sabon Ibadan, unguwar da ke nan tun 1916, wanda ya biya haraji da kuɗin rumfa a nan duk rayuwarsa, ba shi da wata jiha da za a tura shi ya je a duba masa baki. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asalin gari ko addini, kuma waɗannan biyun suna cikin babi na huɗu, wanda ake iya zuwa kotu a kansa. Sashe na 16 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho, sai dai shi yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta wa gwamnati. Saboda haka matakin farko ba ya bukatar roƙo: kowane tsoho da tsohuwa su mallaki lambar NIN, a Legas su yi katin zama na LASRRA, a kai su a yi musu rajistar inshorar jihar. Wanda aka mayar saboda asali, ya zo ofishin ƙungiya da rana da sunan wurin, a rubuta.

Amma kada mu yaudari kanmu. Ko an yi rajistar, galibin tsarin farko ya tsaya ne a kan duba baki da rage zafi da cire haƙori, wani lokaci da ciko. Abin da tsoho ya fi bukata, wato haƙoran roba na baki ɗaya, ko hular da ake sa wa haƙorin da ya fashe, ko dashen haƙori, yawanci ko dai an taƙaita shi ko an cire shi ɗungurungum. Wannan ba halin Nijeriya ba ne ita kaɗai. A Amurka, shirin Medicare na 'yan shekara 65 zuwa sama, wanda aka kafa a 1965, bai ɗauki wankin haƙori da ciko da haƙoran roba na yau da kullum ba, shi ya sa 'yan fanshonsu ke sayen wata ƙarin inshora ta haƙori daban. A Ingila ma, a 1951, ministan da ya kafa tsarin lafiyarsu na kyauta, Aneurin Bevan, ya yi murabus ne a kan sa wa haƙoran roba da tabarau kuɗi. Gwamnatoci sukan fara tsuke aljihu ne daga bakin tsoho.

Ra'ayinmu shi ne mu ma muna bukatar wannan ƙarin, amma ba kowa ya je ya saya shi kaɗai ba. Kamfanin inshora ɗan kasuwa ne, ya san tsohon da ya zo da ƙafarsa yana neman inshorar haƙori da ciwonsa ya zo. Don haka yake kafa shinge. Zai sa iyakar shekaru. Zai sa lokacin jira, a Amurka yakan kai wata 6 zuwa 12 kafin a yi babban aiki. Zai ce haƙorin da ya riga ya faɗi kafin ka shiga ba ruwansa. Sannan, wanda ya fi duka, zai sa iyakar abin da zai biya a shekara, a can galibi dala 1,000 zuwa 2,000, abin da ya wuce haka daga aljihunka. Idan ka lissafa da kyau, mutum ɗaya kan biya kusan abin da zai karɓa. Inshorar haƙori ta fi kama da adashi fiye da yadda ta yi kama da inshorar gobara, mu kuwa ba wanda zai koya mana adashi.

Abin da muke ba shugabannin ƙungiya da sarakunan Hausawa shawara shi ne a kafa asusun haƙora na dattawa. A matsayin misali kawai: gida 200, kowane ya ba da Naira 1,000 a wata, an tara Naira miliyan 2.4 a shekara. Da wannan a hannu, kwamiti zai iya zama da kamfanin kula da inshorar lafiya ko sashen haƙori na asibitin gwamnati a yi ciniki da sunan jama'a, kamar yadda muke sayen goro huhu-huhu ba ƙwarya-ƙwarya ba. A nemi duba baki da wanki sau ɗaya ko biyu a shekara ga kowane ɗan shekara 60 zuwa sama, sannan a bi layi wajen haƙoran roba, a fara da wanda ba ya iya tauna kwata-kwata. Iyayenmu mata su shiga sahun farko, domin su ne ba sa fita, su ne kuma suka fi ɓoye ciwo da gefen mayafi. A nemi likita mace ga wadda ta fi son haka.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su tambayi hukuncin inshora a addini. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan. Asusun da muke magana gudummawa ce ta taimakon juna, a kai shi gaban malamanmu su duba kafin a karɓi ko kwabo. Wasu kuma za su ce, da gaskiyarsu, an sha tara kuɗi a unguwannin nan a ji shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka kuɗin ya zauna a banki da sa hannun mutum uku, ba a aljihun kowa ba, a biya asibiti kai tsaye ba a miƙa wa mara lafiya ko ɗan kwamiti ba, a liƙa lissafin a ƙofar ofis duk bayan wata uku. Idan ba a yarda da waɗannan sharuɗɗa ba, gara kada a fara.

Akwai kuma 'ya'yanmu da Allah Ya buɗa wa, masu aika iyaye Umara da sayen ragon layya mafi girma a layi, Allah Ya ƙara buɗi. Muna dai tambaya ko sun taɓa lura wane ne ke cin naman ragon.

Kafin taro na gaba, muna roƙon kowane maigida ya rubuto sunayen dattawan gidansa, da shekarunsu, da ko suna da NIN da katin zama, da ko akwai mai ciwon suga ko hawan jini, da kuma wanda ya daina cin nama. Wanda ke da takardar wata inshora a hannu, tasa ko ta wurin aikin ɗansa, ya zo da ita a karanta shafin da aka jera abubuwan da ba a biya.