Yaron da ya yi garkuwa da aljana: a bar 'ya'yanmu su karanta

A shekarar 2001 wani malamin firamare ɗan ƙasar Ailan, Eoin Colfer, ya fitar da littafin Artemis Fowl. Tauraron labarin, Artemis, yaro ne ɗan shekara 12, mai kaifin ƙwaƙwalwa, ɗan gidan da ya gaji ɓarna kaka da kakanni. Mahaifinsa ya ɓace bayan an nutsar da jirgin ruwansa a gaɓar Rasha, arzikin gida ya karye, mahaifiyarsa ta kwanta a ɗaki, baƙin ciki ya taɓa mata hankali. Sai yaron ya ƙudurta sace ɗaya daga cikin wasu ƙananan halittu masu sihiri da ke zaune can ƙarƙashin ƙasa, irin waɗanda mu za mu kira aljanu, ya nemi fansar zinare tan guda.

Duk uban da ke Katsina ko Zamfara ko Kaduna, da jin haka gabansa zai faɗi. A wurinmu garkuwa da mutane ba tatsuniya ba ce. Mun ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disamba 2020, da Jangebe a Fabrairu 2021, da Kuriga a Maris 2024. Ban ga laifin wanda zai ce kada littafin ya shigo masa gida ba. Amma ni na karanta shi daga bango zuwa bango, kuma ra'ayina shi ne a bar manyan yara su karanta.

Dalilina na farko ita ce wadda aka sace. Colfer bai bar mai karatu a cikin kan ɓarawon kaɗai ba. Holly Short, mace ta farko a rundunar leƙen asirin 'yan sandan aljanun, ita ma muna ganin duniya ta idonta, mun san fargabarta, mun san yadda take fama da shugabanta Root mai saurin fushi. An kama ta ne lokacin da sihirinta ya ƙare, ta fito da dare neman ƙwallon wata tsohuwar bishiya, wanda sai ta binne shi a ƙasa ƙarfinta zai dawo. Aka kulle ta a ɗaki mai daɓen kankare. Ta ɓoye ƙwallon a takalminta, ta riƙa ɗaga gadon da aka ba ta tana buga shi da ƙasa, hannuwanta na tsagewa, har kankaren ya fashe ta ga 'yar ƙasa. Yaron da ya karanta wannan wuri, zuciyarsa tana wajen Holly. Ya ɗanɗana abin da ake ji idan an rufe mutum ana cinikin ransa, kuma daga baya zai ga wannan Holly ɗin ta warkar da Butler, dogarin da ya taya aka kama ta, lokacin da wani dodo ya kusa halaka shi.

Abin da ke jan yara ga irin waɗannan labarai kuwa dabara ce, ba sata ba. Artemis bai fara da bindiga ba. Sai da ya je birnin Ho Chi Minh a Biyetnam ya samo littafin dokokin aljanun, ya ɗauki hotunan shafukansa, ya zauna yana kwatanta rubutun da na Misirawan dā har ya warware shi. A nan ya gano cewa aljani ba ya shiga gidan mutum sai an gayyace shi. Duk wasan a kan wannan doka ya tsaya, da kuma awa 8 da aljanun suka dakatar da lokaci a kewayen gidan Artemis. Mai karatu yana lissafi tare da ɓangarorin biyu. Wannan daɗin mun san shi tun a tatsuniyoyin Gizo, mun san shi a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta yi wa juna zamba gari bayan gari. Iyayenmu sun karanta shi a makaranta, bai mai da su 'yan damfara ba.

Inda nake da ja da littafin shi ne ƙarshensa. Artemis ya mayar da rabin zinaren domin Holly ta warkar masa da mahaifiya, wuri ne mai taɓa zuciya ƙwarai. Amma ɗaya rabin ya zauna a hannunsa, babu alƙali, babu gidan yari. Yaron ya fara jin nauyin abin da ya aikata, kuma a sauran littattafan, waɗanda suka kai 7 zuwa 2012, halinsa yana ta sauyawa, sai dai wanda ya tsaya a na farko ya ga mai garkuwa ya ci riba. Nan ne aikin iyaye da malamai yake. A zauna da yaro a tambaye shi: halal ne wannan zinaren? Ciwon uwarsa ya wanke shi? Me Holly za ta ce in an ba ta dama a gaban shari'a? Fim ɗin da Disney ya fitar a 2020 ya sassauta halin yaron har waɗannan tambayoyi suka ɓace, shi ya sa na fi son a ba su littafin.

Turancinsa zai yi wa ɗan ƙaramar sakandare daidai, idan akwai ƙamus a kusa. Wanda bai kai shekara 11 ba a jinkirta masa. Yaron da masifar garkuwa ta taɓa gidansu kuwa, kada a miƙa masa sai wani babba da ya san halin da yake ciki ya fara karantawa.