Idon Mai Shekara Arba'in: Tabarau ko Gilashin Mannawa?

Akwai wata alama da ke zuwa wa mutum ba sallama da zarar ya haura shekara 40. Sai ya ga yana nesanta waya da fuskarsa kafin ya iya karanta saƙo, ko ya ɗauki Alƙur'ani bayan sallar Asuba ya tarar wasulla sun cakuɗe. Telan Sabon Garin Jega ya fara neman yaro ya zura masa zare, malamin jami'ar Aliero kuma ya fara jin ciwon kai idan ya daɗe yana duba takardun ɗalibai. Wannan ba cuta ba ce, tafiyar shekaru ce.

A cikin ido, bayan ƙwayar, akwai wani ɗan madubi mai laushi da ke canza siffa domin daidaita gani. A ƙuruciya yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, sai mutum ya ga na kusa da na nesa. Da shekaru suka ja, sai ya taurare, ya kasa kumbura yadda ganin kusa yake buƙata. Shi ya sa mai shekara 45 kan buƙaci tabarau mai ƙarfin +1.00 zuwa +1.50, mai shekara 60 kuma wajen +2.50. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.8 ne ke da wannan matsala, kuma miliyan 826 daga cikinsu ba su sami gyaran da ya dace ba.

Yanzu wasu ma'aikata da 'yan kasuwa sun fara tambayar siririn gilashin nan da ake mannawa a kan baƙin ido, domin ba sa son tabarau ya tona shekarunsu. Gilashin yana aiki, ta hanya biyu. Ko dai a gyara ido ɗaya don nesa, ɗaya don kusa, ƙwaƙwalwa ta koyi zaɓa, ko kuma a sa mai zobba da dama, wanda ke kawo hoton kusa da na nesa lokaci guda. Kowacce tana da farashinta: ta farko kan rage iya auna tazara, ta biyu kan sa fitilun mota su yi ƙyalli da dare. Wanda ke tuƙi daga Jega zuwa Birnin Kebbi bayan Magariba ya kamata ya san da haka.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan mutanen Jega, Aliero da Maiyama, gilashin mannawa bai kamata ya zama zaɓin farko ba. Dalilin farko ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da ido, kuma hawaye da ma yana raguwa da shekaru. Ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin gilashin ta isa ta kuje fatar ido. Na biyu ruwa ne. Dokar wannan gilashi ita ce kada ruwan famfo, na rijiya ko na kogi ya taɓa shi, domin akwai ƙwayoyin halitta a ruwa da kan maƙale masa su jawo gyambon ido mai wuyar magani. Mu kuwa muna wanke fuska sau da dama a yini don alwala. Na uku kuɗi da nisa ne. Gilashin ana sauya shi kullum ko duk wata, ana sayen ruwan wankinsa, kuma idan ido ya yi ja, a ranar ake son ganin likita, ba bayan mako ba.

Ban ce kowa ya guje shi ba. Likitan da ke aiki a ɗaki mai tsabta, ko wanda ya daɗe yana amfani da shi don ganin nesa, zai iya sawa bisa kulawar ƙwararre, musamman irin wanda ake yarwa kullum. Sharaɗi dai kada a kwana da shi, kada kuma a saye shi ta Instagram ba awo.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kunyar tabarau sun yi kaɗan idan aka gwada su da waɗanda ba su san akwai mafita ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya ya nuna tabaran karatu ya ƙara yawan aikinsu da fiye da kashi 20 cikin ɗari. A kwatanta wannan da mai ɗinkin hula, mai gyaran waya, ko matar da ke tsince shinkafa.

Sai dai a yi hattara da tabaran tire na ranar kasuwa. Yana iya gyara karatu, amma ba ya auna hawan jinin ido, cutar da ke cinye gani a ɓoye, wadda ta fi yawa bayan shekara 40, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Don haka ranar da ka fara nesanta waya da fuskarka, ranar ce ta zuwa awon ido cikakke. A auna tukuna, sannan a yi maganar abin da za a sa.