Ranar gwaji ake gyaran riga

Duk wanda ya taɓa kai yadi wurin tela ya san akwai ranar da ake kiran mai riga ya zo ya gwada kafin a kashe ɗinki. Ranar nan ce ake cewa wuya ya matse, ko hannu ya yi tsawo, ko aljihu ya yi ƙasa. Wanda ya yi shiru ranar gwaji, to ranar salla sai ya sa rigarsa yadda ta zo. Maganarmu ta wannan mako ta shafi wata riga da ake ɗinka ma duniya baki ɗaya, har da mu mutanen ƙasar Arewa, alhali da wuya a ji muryarmu wurin gwajinta. Rigar kuwa ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na'urar nan da muke ce ma ordinatar. A mafi yawan ofisoshinmu da lakwal-lakwal ɗinmu, sunanta Windows, kuma kamfanin Microsoft na Amurka ke ƙera ta.

Bari mu fara da asalin al'amarin. A watan Oktoba 2012 kamfanin ya fitar da Windows 8, ya cire jerin nan na kusurwar hagu ta ƙasa wanda mutane suka saba buɗewa tun 1995 don neman abin aikinsu. Hujjarsa ita ce lissafin da na'urori ke aiko masa ya nuna mutane sun rage amfani da shi. Sai ga shi ƴan ofis na duniya sun yi ca. A 2013 aka maido da maɓallin, amma kukan bai ƙare ba. Da kamfanin ya ga haka, sai ya sake salo: ranar 1 ga Oktoba 2014 ya buɗe wani shiri mai suna Windows Insider, ya ce duk mai so ya ɗauki Windows 10 tun tana ɗanya, ya yi aiki da ita, ya faɗi abin da ya gani. Cikin mako biyu mutum miliyan 1 suka yi rajista. Kafin a fitar da ita kasuwa ranar 29 ga Yuli 2015, masu gwajin sun kai miliyan 5, kuma jerin da aka cire ya dawo mazauninsa.

Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar ganewa. Akwai wata ƙofa cikin manhajar, Feedback Hub, inda mutum ke rubuta kukansa ko shawararsa. Wanda ya karanta ya ga shi ma abin ya shafe shi, sai ya ƙara ƙuri'arsa a kai. Shawarar da ta tara ƙuri'u ita ke hawa sama, ita injiniyoyi ke fara gani. Ta wannan hanya da irinta aka samu gyare-gyare masu amfani. A 2016 aka ba mai na'ura damar tsai da sa'o'in aikinsa, don kada ta kashe kanta ta sake tashi yana tsakiyar rubutu. A 2019 aka ba kowa da kowa damar jinkirta sabuntawa na ɗan lokaci.

Sai dai ƙidayar ƙuri'a tana da makanta, kuma an ga haka ƙiri-ƙiri a 2018. Ranar 2 ga Oktoba na shekarar aka saki wata babbar sabuntawa, sai wasu mutane suka tarar takardunsu da hotunansu sun ɓace daga na'ura. Ranar 6 ga wata kamfanin ya dakatar da rabon, bai sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, wasu masu gwaji sun riga sun kai ƙarar wannan cuta watanni kafin nan. Amma da yake su kaɗan ne, ƙararsu ba ta tara ƙuri'u ba, ta nutse ƙarƙashin dubban shawarwari. Bayan wannan ne aka ƙara wurin da mai ƙara zai nuna nauyin ɓarnar da ta same shi.

To, jama'a, in mutanen da ke cikin zauren gwajin ma muryarsu ta nutse don ƙarancinsu, ina ga wanda bai shiga zauren ba? Kwamfutar da ke ofishin ƙaramar hukuma a Gesheme ko Dumega, ko ta darektan lakwal a Matankari ko Ɗan Kasari, in ba a haɗa ta da intanet ba, ba ta aika lissafin komi. A idon kamfanin kamar babu ita. Wanda ke aiki da ita kuwa, in ta ba shi wahala, iyakarsa ya yi tsaki ya kira mai gyara. Kukan da aka yi a gindin bedi a Dogondutsi ba ya kai wa birnin Redmond, inda masu ɗinkin suke. Saboda haka ga shawarwari uku da ya kamata su fito daga wajenmu.

Ta farko ita ce ta haruffa, kuma ita ta fi gaggawa. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya tsai da Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ma'anar wannan ita ce sakatarorinmu da malaman lakwal za su ƙara rubuta Hausa da na'ura. Hausa kuwa tana da haruffanta masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ, wanda ƙa'idar rubutun da aka tsayar a Nijar a 1999 ta riƙe, alhali ƴan'uwanmu na Najeriya sun fi rubuta shi da ɗan waƙafi a gaban y. Wanda ya ce lanƙwasar nan ado ce, ya duba tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. Takardar hukuma da ta rikita waɗannan tana iya rikita shari'a.

Gaskiya ne Windows tana ɗauke da tsarin maɓallan Hausa. Amma an gina shi bisa jerin Ingilishi, wanda ake ce ma QWERTY, irin na Najeriya. Mu kuwa allon maɓallan da ke gabanmu na Faransa ne, AZERTY. Duk wanda ya kunna tsarin Hausa a kan allonmu, ya bi haruffan da idonsa ke gani ya buga sunan ƙasarmu Arewa, abin da zai fito masa shi ne Qrezq. Harafin m ya bar wurinsa, lambobi sun sake hali, é da è da ç na Faransanci sun bar inda ya san su. Sakataren da ke rubuta wasiƙar perefe da safe cikin Faransanci, da rana ya rubuta sanarwa cikin Hausa, ba zai iya sauya yatsunsa sau biyu a wuni ba. Abin da muke bukata tsari ɗaya ne bisa AZERTY, wanda ya bar Faransanci yadda yake, ya ƙara haruffan Hausa, ya haɗa da na Fulfulde da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Abin ba gagara ba ne: mutanen Kamaru suna da irinsa a cikin Linux, manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke da izinin gyarawa.

Shawara ta biyu ta shafi wuta da rezo. Babban rabo na wutar lantarkin yammacin ƙasarmu daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Birnin Kabi ya bi ta Doso zuwa Yamai. Kowa ya tuna yadda aka yanke shi a watan Agusta 2023, ba a maido ba sai Maris 2024. Ko ba takunkumi, lokacin bazara wuta ba ta da alkawari. Manhajar da ke cewa kada a kashe na'ura tana tsakiyar sabuntawa, an ɗinka ta ne don ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Haka nan batun nauyi: kwafin Windows 11 ya haura giga 5, mu kuwa da forfen wayar salula muke sayen intanet, giga-giga. Akwai wurin da ake gaya ma na'ura cewa intanet ɗin na awo ne don ta rage sha, amma an ɓoye shi can ciki, mutane ƙalilan suka san da shi. Ya kamata ta yi wannan tambaya tun ranar farko. Ya kamata kuma a samar da hanya mai sauƙi da mutum ɗaya zai ɗauko sabuntawa a Dogondutsi, ya sa a kile, ya kai ma na'urori goma a Kore Mairuwa ko Sukukutan. Hanyar da ke akwai ta ƙwararru ce, ba ta malamin lakwal ba.

Ta uku ita ce ta tsofaffin na'urori. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ta zo da sharuɗɗa: sai na'ura tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma mafi yawan waɗanda aka ƙera kafin wajen 2017 ba su cikin jerin da aka yarda da shi. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma aka rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Su wa wannan ya fi shafa? Mu da ke sayen na hannu, waɗanda Turai ta gama da su aka ɗoro mana. Na'urar tana aiki lafiya lau, amma in ba a toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga, kamar rumbu ne mai cike da hatsi wanda ba a liƙe bakinsa ba. Bugu da ƙari, sabuwar manhajar tana neman intanet da rajistar suna wurin kamfanin kafin ta yarda a gama kafa ta. A watan Maris 2025, cikin kwafin gwaji, aka cire wata sananniyar dabara da masu gyara ke bi don tsallake wannan sharaɗi. Wanda ya tsara haka bai yi tunanin garin da sai an hau tudu ake samun rezo ba.

Wani zai ce: kamfanin da ke da masu saye fiye da miliyan dubu, ina ruwansa da gundumar Tibiri? Tambayar tana da nauyi, kuma batun rajistar nan ya nuna ba kowane kuka ake share ma hawaye ba, don an yi ta ƙorafi a kai kamfanin bai janye ba. Amma akwai misalai biyu da ya kamata mu riƙe. Wasu ƴan'uwa biyu Fulani na ƙasar Gine, Ibrahima da Abdullahi Barry, sun ƙirƙiro ma Fulfulde rubutu mai suna ADLaM a 1989, suna yara. Suka bi abin shekara da shekaru, har aka shigar da shi ƙa'idar haruffa ta duniya, Unicode, a 2016, Windows kuma ta ɗauke shi a 2019. Misali na biyu daga Turai yake. Da aka zo rufe Windows 10, kamfanin ya ce mai son ƙarin shekara ɗaya ta tsaro, har 13 ga Oktoba 2026, sai ya biya dalar Amurka 30, abin da ya haura jikka 15 na sefa, ko ya cika wasu sharuɗɗa. Ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka tashi tsaye, a watan Satumba 2025 aka sassauta ma ƙasashensu. Waɗancan naci ya fisshe su, waɗannan kuma haɗin kai.

Ke nan aikin yana hannunmu, kuma ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ƙofar kai ƙara a buɗe take ga duk mai Windows, ko bai shiga shirin gwaji ba: maɓallin tutar Windows tare da harafin F ke buɗe ta, kuma ana iya rubutawa da Faransanci. Abin da zai sa ta yi tasiri shi ne tsari. Maimakon mutum hamsin su rubuta ƙorafi hamsin, a rubuta guda ɗaya mai kyau, a faɗi irin na'urar, da abin da aka danna, da abin da ya fito, sannan kowa ya je ya ƙara ƙuri'arsa a kai. Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014 kuma aka san ta da fannin fasahar sadarwa, tana da ɗaliban da za su iya ware na'ura biyu ko uku don gwaji, su kuma zana tsarin maɓallan da muke magana a kai. Masanan harsuna na INDRAP su duba shi, hukumar ANSI ta miƙa shi da sunan ƙasa, domin gwamnati mai saye ce, kuma kamfani yana jin mai saye da yawa. In an ji mu, madalla. In ba a ji ba, tsarin da muka zana namu ne, ana iya ɗora shi a kan Windows da hannu, ana iya kai shi Linux, wadda ba ta ƙyamar tsohuwar na'ura.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. Kada wani ya ji wannan magana ya je ya sa kwafin gwaji a kan kwamfutar da ke riƙe da rajistar haihuwa, ko sakamakon jarrabawar yara, ko lissafin asibiti. Kamfanin da kansa yana faɗin cewa ɗanyen kwafi na iya lalata aiki. A yi gwaji a kan na'urar da ba a jin asararta, a kuma riƙa ajiye kwafin takardu a wuri na biyu.

Yaran da ke aji ɗaya bana a Kiyeshe da Dogon Kirya, su ne za su zauna gaban waɗannan na'urori nan da shekara goma sha biyar, su rubuta takardun ƙasa cikin harshensu. Ko za su tarar da ƙ da ƴ ƙarƙashin yatsunsu, ko za su ci gaba da rubuta baki inda ake nufin baƙi, wannan ya danganta ga abin da muka aika yanzu da ake cikin awo.