Kwana Biyu A Samaru Ta Zazzau

A wannan wata za mu ɗan tsallaka iyaka ne, mu kai ku Zariya, garin da yawancinmu malaman lakwal muka fara sani a bangon littafi tun ba mu taka shi da ƙafa ba.

Wanda ya taso daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina da Funtuwa, to Samaru zai fara riska kafin ya ga ganuwar birni. Nan ne babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962 aka sa mata sunan Sardaunan Sakkwato. Kaduna muka nufa wajen gaisuwar mutuwa, la'asar ta same mu a Samaru, kuma kowa ya san hanyoyin nan ba a yi musu tafiyar dare. Sai muka sauka. Kwana ɗaya muka ƙudurta, biyu muka yi.

Abin da ya riƙe mu, halin mutanen wurin ne. Garin da ke karɓar dubban baƙin yara kowace shekara ya saba da mai tambayar hanya. Da mai shayi ya ji mun ce "mushe" da "lakwal" sai ya yi dariya ya ce, "Malamai, daga Nijar?" Ya kira wani ɗalibi ya haɗa mu da shi. Yaron nan Bayarabe ne, Hausarsa kuwa tar, ya yi wuni yana zagayawa da mu, da muka miƙa masa ɗan abin goro ya ƙi karɓa, ya ce, "Baba, ai ku malamai ne." A tebur guda na mai shayin nan mun zauna da Tibi, da Babarbare, da wani ɗan Kamaru, ana ta gardamar ƙwallo da Hausa.

Mun leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Mun kuma bi ta cibiyar binciken aikin gona, wadda ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba, don tun 1922 ake gwajin iri a Samaru. Irin wake da gyaɗa da dawa da masara da suke fitarwa duk da "SAM" sunansu ke farawa, wato Samaru ke nan. Manomin Maraɗi, da gyaɗa ta gina garinsa, ya kamata ya san da wannan.

Amma mu inda zuciyarmu take shi ne Tudun Wada, inda Kamfanin Gaskiya yake. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam ne editanta na farko, aka kafa kamfanin a 1945. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, waɗanda muka karanta har bangonsu ya yage, daga wannan gari suka fito. Mun tsaya a gaban ginin mun daɗe ba wanda ya ce uffan. Daga nan muka shiga birni muka ga fadar Sarkin Zazzau da masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina kusan shekara 200 da suka wuce. Kwalejin Barewa, wadda ta faro daga Katsina a 1921, daga bakin ƙofa kawai muka gaishe ta.

To, ga abin da ya sa muka kawo wannan labari. Tun 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a Damagaram. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Madalla. Amma mushen da ke tsaye gaban yara 80 a rumfar zana, da me zai koyar? Doka ba ta zama littafi a hannun yaro. A Samaru akwai sashen nazarin harsunan Afirka da ya shekara da shekaru yana yaye masu digiri a Hausa, ga kundayen bincike jibge kan nahawu, waƙa da tatsuniya. Tsakaninmu da su tafiyar wuni guda ce, amma sai ka ce bangon duniya. Ɗalibanmu sun fi sanin hanyar Yamai, wasu ma Dakar, saboda takardunsu na Faransanci ne. Rufe iyaka da aka yi a 2019, aka sake a 2023, ya ƙara nesanta mu.

Ba mu ce a kwaso komai yadda yake ba. Rubutunsu da namu akwai ɗan bambanci, su suna sa 'y inda muke sa ƴ, kuma littattafansu na lissafi da naira suke magana, yaronmu kuwa dala da jika ya sani. Wannan gyaran aikinmu ne. Muna kira ga ƙungiyoyin malamai da na iyayen yara su haɗa kuɗi a tura mutum biyu ko uku lokacin babban hutu, su zauna mako guda, su gana da malaman sashen, su dawo da littattafai. Wanda zai je ya canza kuɗinsa tun a Maraɗi, ya riƙe katin shaidarsa a aljihu, ya kuma yi sammako.

Mu dai mun dawo da kwali guda, littafi 23. Wanda ke son aro ya zo ya sa hannu a rajista, mako biyu ne, a kuma dawo mana da shi da bangonsa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.