Ɗan Ƙarfen da Bakanike Ke Cirewa

Motoci da yawa da ke shigowa daga Kwatano kan rasa wani ɗan ƙarfe tun kafin su shekara a Kano ko Sakkwato. Bakanike ne ke cire shi, da hujjar cewa an ƙera shi ne domin ƙasashen ƙanƙara. Sunansa tamostat, kuma hujjar ba ta da tushe.

Wutar da ke ci a cikin silinda takan haura digiri 2,000, alhali alminiyom da ake ƙera kan inji da shi yana narkewa a 660. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur ne ke zama tafiya. Wani kason ya fice ta salansa, ragowar kuwa ruwa ne ke kwashe shi. Famfo na tura ruwan ta hanyoyin da aka huda a jikin inji, ya ɗebo zafi ya kai lagireto, inda iskar hanya ko ta fanka ke busar masa da shi, sannan ya koma.

Sai dai inji ba ya son sanyi. An tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 90, domin a nan ne bakin mai ke tsinkewa daidai, fetur kuma ya ƙone sarai. Tamostat shi ne mai gadin wannan ma'auni: yana tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Idan babu shi, motar da ta kama hanyar Jos da asubahin hunturu za ta daɗe ba ta ɗumama ba, kwamfutarta na ƙara mata fetur, ƙarafanta na cin juna. A wasu injuna ma, tamostat ɗin ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya kauce wa lagireto, don haka cire shi kan ƙara zafin da ake gudu.

Gaskiyar bakanike ɗaya ce: tamostat kan maƙale a rufe, inji ya tafasa. Maganinsa a sayi sabo. Galibi kuwa laifin na fankar da ta mutu ne, ko lagireton da ya toshe.

Toshewar takan samo asali daga ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa. Gishirin da ke cikinsa na daskarewa a siraran bututu kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, tsatsa kuma ta biyo baya. Ruwan lagireto mai launi yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. Murfin lagireto, wanda ba kowa ke kula shi ba, yana riƙe matsin da ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Shi ya sa wanda ya buɗe shi inji na da zafi yakan ƙare a asibiti da ƙuna a fuska da hannu.